Adadi Ɗaya, Riga Biyu: Tarihin Wata Tambayar Gasar Lissafi

A shekarar 1968, cikin tambayoyi 35 da aka bai wa ɗaliban sakandare a gasar lissafi ta ƙasar Amurka, akwai wata gajera da ta zo can wajen ƙarshe, inda aka saba ajiye masu wuya. Abin da take nema shi ne: akwai wani adadi wanda idan aka rubuta shi a tushen bakwai, alƙaluma uku ne. Idan aka rubuta shi a tushen tara, waɗannan alƙaluman ne dai, sai dai sun juya, na farko ya koma ƙarshe, na ƙarshe ya dawo farko. To, mene ne alƙalamin tsakiya?

Ba a faɗi adadin ba, ba a kuma ba da ko da alƙalami ɗaya na somin taɓi ba. Duk da haka ɗalibin da ya gane kan abin zai gama da ita cikin minti uku. Za mu warware ta tare yanzu. Daga nan sai mu ɗauki adadin da muka samu mu bi shi cikin tarihi, domin kafin a iya yin wannan tambaya ma, balle a amsa ta, sai da 'yan Adam suka shafe kusan shekara dubu huɗu suna gyaran yadda ake rubuta ƙidaya.

Mene ne tushe?

Mu fara da bambance abu biyu. Adadi shi ne yawan abu: awaki nawa, kwana nawa. Alƙaluma kuwa su ne alamomin da muke rubuta adadin da su, wato 0 zuwa 9. Idan muka rubuta 365, muna nufin ɗari uku, goma shida, da ɗaiɗai biyar. Kowane gurbi ya ninka na damansa sau goma. Wannan goman ita ake kira tushe.

Ba dole ba ne kashin ya zama goma-goma. Duk wanda ya ce kwana 25 mako uku ne da kwana huɗu, ya riga ya yi lissafi a tushen bakwai, ko da bai san sunansa ba. A wannan tsari 25 sai a rubuta ta 34, wato bakwai uku da ɗaiɗai huɗu. Gurbi na uku kuwa bakwai sau bakwai ne, 49. Alƙaluman da aka yarda da su daga 0 zuwa 6 ne kawai, domin da zarar ɗaiɗai sun cika bakwai, sun zama kashi guda, sun haura gurbi na gaba. A tushen tara kuma gurabun su ne 1 da 9 da 81, alƙaluman kuma daga 0 zuwa 8.

Warwara

Mu kira alƙaluman a, b, c. A tushen bakwai adadin shi ne 49a + 7b + c. A tushen tara, da yake sun juya, shi ne 81c + 9b + a. Tunda adadi ɗaya ne ya sa riga biyu, dole su zo daidai:

49a + 7b + c = 81c + 9b + a

Idan muka tattara masu kama wuri guda, sai mu samu 48a − 80c = 2b. Mu raba kowane ɓangare biyu, b = 24a − 40c. Da 24 da 40 duk takwas na raba su, saboda haka:

b = 8 × (3a − 5c)

A nan dabarar take. Wannan layin ya ce b dole ya zama adadin da takwas ke rabawa ba ragowa: 0, ko 8, ko 16, da sauransu. Amma b alƙalami ne na tushen bakwai, ba zai wuce 6 ba. Saura guda ɗaya tak: b sifili ne. Amsar gasar ke nan.

Mu ƙarasa, tunda mun zo nan. Idan b sifili ne, to 3a = 5c, kuma tsakanin 1 da 6 babu masu cika wannan sai a = 5, c = 3. Adadin shi ne 503 a tushen bakwai, 305 a tushen tara. Mu gwada: 49 sau biyar 245, a ƙara uku, 248. Haka kuma 81 sau uku 243, a ƙara biyar, 248.

Abu uku wannan warwara ta dogara a kansu: cewa darajar alƙalami tana bin gurbin da ya zauna, cewa akwai alamar da ke riƙe gurbin da babu kowa, da kuma cewa goma ba ita kaɗai ce za ta iya zama tushe ba. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan yana da garinsu da zamaninsa.

Lokacin da juyi ba ya canza komai

Mu kai 248 wurin malamin zaure masanin hisabi. A lissafin abajada, kowane harafin Larabci yana da darajarsa: ra 200 ne, mim 40, ha ƙarami 8. Idan aka jera su, sai su ba da kalmar rumhu, wato mashi. A juya su su zama rahimu, wato mahaifa, jimillar tana nan 248. A sake juya su su zama haramu, kamar Haramin Makka, har yanzu 248. Da wannan hanya marubutan waƙoƙin ajami suke saka ramzi a ƙarshen waƙa, su ɓoye shekarar da aka yi ta cikin kalma guda. Abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne harafi yana tafe da darajarsa duk inda aka ajiye shi, don haka mawaƙi yana da damar jujjuya haruffa har su ba shi kalma mai ma'ana.

Girkawan dā ma da haruffa suke rubuta adadi a kan irin wannan tsari. Rumawa kuma za su rubuta CCXLVIII, inda C ɗari ce ko'ina ta faɗo. Ga duk waɗannan, tambayar 1968 ba ta da kai ba ta da gindi. A abajada da tsarin Girkawa, an juya haruffa, sai me? Ai adadin yana nan yadda yake.

Babila: gurbi ba sifili

Waɗanda suka fara bai wa gurbi daraja su ne marubutan ƙasar da ke tsakanin kogunan Dijla da Furat, Iraƙi ta yau, wajen shekara 2000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Da tsinken kara suke dannawa a kan ɗanyen yumɓu, kuma alama biyu kacal gare su: mai kama da ƙusa tana nufin ɗaya, mai kama da kusurwa tana nufin goma. Da su suke haɗa 1 zuwa 59, idan aka kai sittin sai a haura gurbi. Marubucin Babila zai rubuta 248 da ƙusa huɗu, ya ɗan ba da tazara, ya ƙara ƙusa takwas: sittin huɗu da ɗaiɗai takwas. Mu ma haka muke yi har gobe, domin sakan 248 minti 4 ne da sakan 8.

Sittin tana da daɗin rabo. Adadi goma sha biyu ne ke raba ta ba ragowa: 1, 2, 3, 4, 5, 6, 10, 12, 15, 20, 30 da 60. Goma kuwa huɗu kawai gare ta. Sulusin awa minti 20 ne cif, amma sulusin naira goma ba ya yankuwa. Da wannan tsari suka yi lissafi mai zurfi. Akwai wani ɗan allon yumɓu da ke ajiye a Jami'ar Yale, wanda aka rubuta tsakanin 1800 da 1600 kafin haihuwar Annabi Isa, da ya ba da tsawon layin da ke ratsa murabba'i daga kusurwa zuwa kusurwa a matsayin 1, 24, 51, 10 a tushen sittin. A rubutunmu 1.41421 ke nan, daidai da abin da wayarmu za ta nuna. Masanin taurari Batlimus, a birnin Iskandariyya wajen shekara ta 150 Miladiyya, da sittin-sittin ya rarraba da'ira, masanan taurari na Musulunci suka gada daga gare shi, har abin ya iso fuskar agogo.

Matsalarsu ita ce gurbin da babu kowa. Ƙusa huɗu da ƙusa takwas na iya zama 248. Idan kuma akwai gurbi fanko a tsakaninsu, huɗun ta zama 3,600 sau huɗu, adadin ya tashi 14,408. Mai karatu sai dai ya duba faɗin tazarar, ya kuma yi la'akari da abin da ake magana a kai, buhunan sha'ir ne ko azurfa. Sun shafe fiye da shekara dubu a haka kafin alamar riƙe gurbi ta zauna a rubutunsu, a ƙarnonin ƙarshe kafin haihuwar Annabi Isa. Ko a sannan ma a tsakiyar adadi suka fi sa ta. Wato da an kai wa marubucin zamanin Hammurabi tambayarmu, zai gane batun gurbi sarai, amma ba shi da alamar da zai rubuta amsar.

Can wata nahiya kuma, a yankin da yau ya ƙunshi kudancin Meziko da Gwatamala, mutanen Maya sun gano gurbi da sifili da kansu, ba tare da sun ji labarin Babila ba. Tushensu ashirin ne, yatsun hannu da na ƙafa. Ɗigo ɗaya ne, layi biyar ne, hoton katantanwa kuma sifili. Daga sama zuwa ƙasa suke jerawa, don haka 248 za ta zama 12 a sama, 8 a ƙasa. A lissafin kalandarsu ma gurbi na uku 360 suka mai da shi maimakon 400, don ya kusanci kwanakin shekara. Kowane tsuntsu dai kukan gidansu yake yi.

Daga Indiya zuwa Bagadaza zuwa Italiya

Alƙaluman da muke amfani da su a Indiya aka haife su. A can ne sifili ya tashi daga mai gadin gurbi ya zama adadi mai cin gashin kansa. A shekara ta 628 masani Brahmagupta ya rubuta dokokinsa: abin da ke faruwa idan aka tara shi da wani adadi, ko aka ɗebe shi, ko aka ninka da shi. A jikin bangon wani wurin bauta a garin Gwalior akwai rubutun shekara ta 876 da ke ɗauke da 270 da 50, sifilinsu ɗan zagaye kamar wanda yaranmu ke rubutawa yau.

Wajen shekara ta 825, a Bagadaza, zamanin Halifa Ma'amun, Muhammad bin Musa Al-Khawarizmi ya rubuta littafi a kan lissafin Indiyawa. Asalin na Larabci ya ɓace, fassarar Latin ta ƙarni na 12 ce ta tsira. Daga sunansa aka samo kalmar algoridim, wadda yau muke ji ana cewa ita ke zaɓar abin da Facebook da TikTok za su nuna mana. Indiyawa suna kiran sifili sunya, wato fanko, Larabawa suka fassara ta sifr, mu kuma muka karɓa muka ce sifili. A Dimashƙa, wajen 952, Al-Uƙlidisi ya nuna yadda za a yi wannan lissafi da tawada a kan takarda, domin kafin nan a kan faranti mai ƙura ake yi ana sharewa.

Wani saurayi ɗan birnin Pisa, Leonardo, wanda aka fi sani da Fibonacci, ya koyi alƙaluman a Bijaya, gaɓar tekun Aljeriya ta yau, inda mahaifinsa ke aikin kwastan na fataken garinsu. A 1202 ya fitar da littafinsa Liber Abaci, yana koya wa 'yan kasuwar Italiya canjin kuɗi da lissafin riba da sababbin alƙaluma. Ba a karɓe su hannu bibbiyu ba. A 1299 ƙungiyar 'yan canji ta birnin Florence ta hana mambobinta rubuta su a littattafan ajiya. Dalilin da aka fi ambata shi ne tsoron maguɗi: ɗan jan alƙalami kaɗan ya isa mai da 0 ta koma 6 ko 9, kuma sifili guda a ƙarshen layi yana ninka bashi sau goma. Ƙarfin tsarin gurbi shi ne kuma haɗarinsa. Shi ya sa har yau a takardar cakin banki ake rubuta kuɗi sau biyu, da alƙaluma da kuma kalmomi.

A cikin littafin Fibonacci akwai wani wasa ƙwaƙwalwa da ya dace da zancenmu. Mutum yana da duwatsun awo huɗu kacal, amma da su yana iya auna kowane nauyi daga 1 zuwa 40 a kan sikeli mai faranti biyu. Nawa ne nauyin kowanne? Amsa: 1, 3, 9 da 27. Idan ana son auna biyar, sai a sa dutsen tara a faranti guda, a sa na uku da na ɗaya tare da kayan a ɗaya farantin. Waɗannan duwatsu gurabun tushen uku ne, sai dai a wancan lokaci ba wanda ya kira su da wannan suna.

Ranar da aka tuhumi goma

Abu na uku, wato gane cewa kowane adadi daga biyu zuwa sama zai iya zama tushe, shi ya fi jinkirin zuwa. Wajen 1654 Bafaranshe Blaise Pascal ya rubuta wata maƙala, wadda aka buga a 1665 bayan rasuwarsa, a kan yadda za a gane ko wani adadi na raba wani ta hanyar duba alƙalumansa. A ciki ya bayyana cewa ƙidayar goma-goma al'ada ce da mutane suka ɗora wa kansu, babu wata tilas ta halitta a cikinta, kuma hanyarsa tana aiki a kowane tushe.

Mu gwada da adadinmu. Da yawanmu mun san dabarar tara: a tara alƙaluman adadi, ragowar da jimillar ta bari idan aka raba ta da tara ita ce ragowar adadin kansa. Alƙaluman 248 sun ba da 14, ragowa 5, kuma lallai 248 ta ɗara 243 da biyar. Wasu na ɗauka wani sirri ne ke tattare da tara. Sirrin kawai shi ne tara ita ce goma ba ɗaya. A tushen bakwai shida ce ke wannan aiki: alƙaluman 503 sun ba da 8, a cire shida saura 2, kuma 248 ta ɗara 246 da biyu. A tushen tara kuwa takwas ce: alƙaluman 305 sun ba da 8 cif, kuma 248 takwas ce sau 31.

A 1670 wani malamin coci ɗan Sifen, Juan Caramuel, ya buga bayanin ƙidaya a tushe daban-daban, har da sha biyu da sittin. A 1703 Bajamushe Gottfried Leibniz ya miƙa wa cibiyar masana kimiyya ta Faris maƙalarsa a kan tushen biyu, inda babu alƙalami sai 0 da 1. A wannan tsari 248 ita ce 11111000, wato 128 da 64 da 32 da 16 da 8. A zamaninsa abin sha'awa ne kawai na masana.

Masu son goma ma sun gwada ƙarfinsu. Bayan juyin juya halin Faransa, a 1793, hukuma ta raba yini awa goma, kowace awa minti ɗari, kowane minti sakan ɗari. Har agogunan aka ƙera. Jama'a suka ƙi, a 1795 aka janye tilascin. Mita da kilo, waɗanda aka ƙirƙiro a wannan zamanin a kan goma-goma, sun zauna daram, amma a fagen lokaci sittin ɗin Babila ce ta yi nasara.

Mu ma ba baƙi ba ne

Wannan tarihi ya ratso ta kasuwanninmu. A farkon 1851 matafiyi Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya ga yadda ake ƙirga wuri a Tasawa: biyar-biyar ake ja da yatsu, a tara tsibi na hauya goma, wato ɗari biyu, ko na dubu. Hauya a tsohuwar ƙidaya ashirin ce. Kafin ashirin da talatin da arba'in su shigo daga Larabci su zauna, akwai gomiya biyu da gomiya uku.

Zamanin kuɗin Ingila kuma, kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam. Mai koda da ta sayar da kayan sule 7 da kwabo 9, ta ƙara na sule 5 da kwabo 8, ta san kwabo 17 sule guda ne da kwabo 5, don haka kuɗinta sule 13 da kwabo 5. A gurbi ɗaya tana haurawa a sha biyu, a na gaba tana haurawa a ashirin, duk da ka, ba takarda. Adadinmu ma a wannan tsari da sifili a tsakiya ya fito: kwabo 248 fam 1 ne, sule babu, kwabo 8. Ingila ta koma ɗari-ɗari a 1971, Nijeriya kuma ranar 1 ga Janairu 1973, aka yanka naira a kan sule goma. Amma baki bai saki tsohon suna nan da nan ba: an daɗe ana kiran kwabo goma sule, naira biyu kuma fam.

A Nijar har yau da dala ake ciniki, kowace dala kuwa tamma biyar ce ta sefa. Takarda ta ce 1,000, baki ya ce jika guda, wato dala ɗari biyu. Yaron da aka aika kasuwar Maraɗi ko Damagaram yana karanta adadi ɗaya a jikin kuɗi, yana faɗin wani da bakinsa, kuma bai taɓa ruɗewa ba, domin ya san kuɗin ɗaya ne, suna ne biyu.

Yadda ta shiga zauren gasa

Abin da ya fito da tushen biyu daga ɗakin masana shi ne lantarki. A 1937 wani ɗalibi Ba'amurke, Claude Shannon, ya nuna a kundin digirinsa na biyu cewa makunnan lantarki, masu hali biyu kacal, a kunne ko a kashe, za su iya ɗaukar lissafin i ko a'a. Babbar kwamfutar ENIAC da aka nuna wa duniya a 1946 da tushen goma take aiki, amma rahoton da John von Neumann ya rubuta a 1945 ya zaɓi tushen biyu, kuma shi masu ƙira suka bi. A Jami'ar Mosko, a 1958, an ƙera wata kwamfuta mai suna Setun a kan tushen uku, bisa dabarar duwatsun awon nan na faranti biyu. Ta yi aiki, amma kasuwa ta bi biyu. Kowane harafi na wannan rubutu da ke kan allon wayarmu jerin 0 da 1 ne.

Gasar lissafi ta 'yan makaranta kuwa ta girmi kwamfuta. An fara ta a Hungariya a 1894, Leningrad ta bi a 1934, Mosko a 1935. Ta Amurka ta soma a yankin New York a 1950, ta duniya kuma a Romaniya a 1959 da ƙasashe bakwai. Bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a 1957, Amurka ta tsorata cewa an bar ta a baya, ta sake manhajar lissafin makarantunta. Cikin abubuwan da aka shigar har da ƙidaya a tushen da ba goma ba, don yaro ya gane dalilin "a rubuta biyu a riƙe ɗaya" maimakon ya haddace shi kawai. Ɗaliban da suka zauna gasar 1968 'ya'yan wannan manhaja ne.

Masu shirya gasa suna son irin wannan tambaya ne saboda hadda ba ta fid da mutum a cikinta. Daidaito guda ne, abubuwan da ba a sani ba uku, kuma a ƙa'idar aji an ce hakan ba ya warwaruwa. Mai nasara shi ne wanda ya tuna cewa alƙalami yana da iyaka, ba ya kai tushensa. Wannan iyakar ce ta cike gurbin bayanan da ba a bayar ba.

Darasin tushe yana cikin manhajar sakandarenmu, yana kuma fitowa a jarrabawar WAEC da NECO. Sau da yawa yadda yake isa ga ɗalibi shi ne: raba da biyu, rubuta ragowa, sake rabawa, karanta daga ƙasa zuwa sama. Ɗalibi ya haddace, ya ci maki, ya manta, ya fita da tunanin cewa wani baƙon abu ne da aka ƙirƙiro don a wahalar da shi. Alhali yana duba agogo da sittin, yana ƙirga kwanan suna da bakwai, kakarsa ta yi ciniki da sha biyu da ashirin, ɗan'uwansa na tsallaken iyaka yana yi da biyar. Malamin da ya fara darasin daga mako da dala da sule ya riga ya yi rabin aikin kafin ya taɓa allo, kuma daga irin wannan aji ake samun yaran da ke iya zama gasa.

Ga ƙanwar tambayar 1968, a gwada a gida. Wani adadi alƙaluma biyu ne a tushen biyar, idan aka rubuta shi a tushen bakwai sai alƙaluman su juya. Hanyar ita ce dai wadda muka bi: a rubuta daidaiton, a tattara masu kama, sannan a tuna iyakar alƙalami. Wanda ya samu amsa yana iya gwada ta da jimillar raka'o'in sallolin farilla na yini guda.